Tufafin Masu Wa'azi: Daga Babbar Riga Zuwa Farar Taguwa



Wani dare a ajinmu na yaƙi da jahilci a nan Gaya, wani magidanci ya ɗaga hannu. Fataucin albasa ne sana'arsa. Ya sha ƙetare gadar Malanbil zuwa Kwatano, tun kafin a rufe ta a 2023. Ya ce, "Malam, akwai wasu samari da nakan gani a Kwatano. Kullum bibbiyu suke tafiya. Farar taguwa, baƙin wando, igiya a wuya, da wani ɗan baƙin allo a ƙirji. Rana ta take, zufa na zuba, amma ba su kwance igiyar nan. Ƴan sanda ne ko ma'aikatan banki?"

Na ce masa ba ko ɗaya. Masu wa'azi ne na wata ɗariƙar Kirista da ta fito daga Amurka, wadda aka fi sani da suna Mormon. Kayan nan kuwa ba son ransu ba ne, doka ce aka ɗora musu. Lokacin darasi ya ƙare ban gama ba shi amsa ba, shi ya sa na ce bari in rubuta, kai ma ka samu. Amma kafin mu je Amurka, sai mu fara da kogin nan namu na Kwara, don ya riga ya ga wasu baƙin masu wa'azi da nasu irin tufafin, tun zamanin kakannin kakanninmu.

A shekarar 1868 wani babban limamin Katolika, Bafaranshe, mai suna Lavigerie, ya kafa ƙungiyar masu wa'azi a ƙasar Aljeriya. Ya ce da mutanensa su ci abin da mutanen ƙasa ke ci, su koyi harshensu, su sa irin kayansu. Sai suka ɗauki farar jallabiya, da alkyabba, da jar dara, suka rataya carbinsu a wuya, suka bar gemu. Saboda farin kayan nan aka sa musu suna Fararen Fada. In ka hango ɗayansu daga nesa, sai ka rantse wani malami ne ya taho daga Agadas. Ɗaya daga cikinsu, Fada Hacquard, ya shiga jiragen wani hafsan Faransa mai suna Hourst a 1896. Sun taso daga wajen Tumbutu, suka yi watanni kusa da Sayi, sa'an nan suka gangara ta Busa har bakin teku. Kai da kanka ka san jirgin da ya bar Sayi ya nufi Busa ba shi da wata hanya sai ta gaban Gaya. Kogin nan ne kuma ya ci Fada Hacquard, a Segu, a 1901.

Can ƙasa, inda Kwara ta haɗu da Binuwai, akwai garin Lakwaja. A nan ne labarin ya fi shafar Hausawa. A 1890 wasu Turawan Ingila ƴan mishan suka sauka garin. Shugabanninsu biyu ne, Graham Wilmot Brooke, saurayi mai shekara 25, da John Alfred Robinson. Burinsu su kai wa'azinsu ƙasar Hausa, har Kano da Sakkwato. Sun ji labarin wani ɗan ƙasarsu, Hudson Taylor, wanda ya sa kayan mutanen Sin a ƙasar Sin, suka ce su ma haka za su yi. Suka tuɓe kwat da takalmin Turai, suka sa babbar riga, suka naɗa rawani, suka koma cin abincin gari. Har shela suka yi cewa ba su neman kariyar gwamnatin Ingila, hukuncin sarakunan ƙasa ya hau kansu kamar yadda ya hau kan kowa.

Ba su kai Kano ba. Robinson ya mutu a Lakwaja a 1891, Brooke kuma zazzaɓi ya kashe shi a 1892. Abin da ya rage bayansu ya fi shafar mu masu koyon karatu. Robinson ya bar fassarar Linjilar Matta cikin Hausa. Aka kafa wata ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila don tunawa da shi. Ƙanensa, Charles Robinson, ya isa Kano a ƙarshen 1894, daga baya ya fitar da ƙamus na Hausa da Turanci a 1899 da 1900.

To, akwai wani gefen labarin da ba na so in ɓoye maka. A lokacin nan shugaban mishan na bakin Kwara baƙar fata ne, Bayarabe, Bishop Samuel Ajayi Crowther. An kama shi bawa yana yaro, aka ƴanta shi, ya yi karatu a Saliyo, ya zama bishop a 1864. Shi kayan limaman Ingila yake sawa. A watan Agusta na 1890 aka yi taro a Anacha. Samarin Turawan nan, har da su Brooke masu rawani, suka tasar wa tsohon, suka dakatar da limamai baƙaƙe da ke ƙarƙashinsa, har da ɗansa na cikinsa. Tsoho mai shekara wajen tamanin ya sha wulaƙanci a hannun sa'o'in jikokinsa. Ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba 1891. Ni dai a ganina, sun ari rigar Bahaushe amma ba su ari girmama na gaba ba, alhali a wurinmu wannan ya fi rawani nauyi.

A 1900 wata ƙungiyar ta kai har cikin birnin Kano, da Bishop Tugwell a gaba. Sarkin Kano Alu ya ba su kwana uku su bar masa gari. A cikinsu akwai Likita Miller, wanda ya zauna Zariya daga 1905, aka san shi da rigar Hausawa da jin Hausa kamar jakin Kano. Shi ne kan gaba wajen fassarar Littafi Mai Tsarki na Kirista da ya fito cikin Hausa a 1932.

Ka ga duk waɗannan dabararsu ɗaya ce, su saje da mutanen gari. Ƴan Mormon kuwa suka bi wata hanya dabam. Su so suke a gane su tun daga nesa, a kowace ƙasa, da kaya iri ɗaya.

Wani mutum mai suna Joseph Smith ya kafa ɗariƙar a jihar New York ranar 6 ga Afrilu 1830. Cikakken sunanta shi ne Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, a 2018 ma shugabansu ya roƙi mutane su bar ce musu Mormon. An kashe Smith a 1844. Magajinsa, Brigham Young, ya ja mabiya suka yi ƙaura zuwa yamma, suka kafa birnin Salt Lake a 1847, kusa da wani babban tabki mai gishiri. Tun shekarar farko suke aika masu wa'azi. Amma na farkon magidanta ne da yawansu, kowa da kayan da ya samu a gida, kowa da gemunsa in yana so.

Maganar gemun nan ta fi ba ni mamaki. Daga Brigham Young har zuwa George Albert Smith, wanda ya rasu a 1951, shugabanni bakwai ne a jere, kuma kowannensu da gemu. David McKay da ya hau a 1951 shi ne ya zo da haɓa a aske. Daga nan sai zamani ya juya. A shekarun 1960 samarin Amurka masu bore ga gwamnati da iyaye suka riƙa tara suma da gemu, wasunsu kuma da shaye-shaye. Shugabannin ɗariƙar suka ga ba su so a haɗa yaransu da waɗannan. A 1971 shugaban jami'arsu, Dallin Oaks, ya gaya wa ɗalibai a fili cewa gemu a kan kansa ba laifi ba ne, hanin na zamani ne, saboda abin da gemu ya koma nufi a idon mutane a lokacin. Ka ji fa. A garinmu gemu alamar dattako ne da bin sunna, a can kuwa ya zama alamar taurin kai. Gashin dai ɗaya ne, fassarar ce ta bambanta.

Ga yadda dokar ta tsaya shekara da shekaru. Saurayi zai sa farar taguwa mai maɓalli, da laktaye, wato igiyar wuyan nan, da wando mai duhun launi, da takalmi a goge. Zai aske fuska kowace safiya, ba gemu, ba gashin baki. Sumar kai gajera, kada ta rufe kunne ko ta taɓa wuyan riga. Saje kada ya wuce tsakiyar kunne. Budurwa kuma doguwar riga ko siket mai rufe gwiwa, ko tana tsaye ko tana zaune, ƴan kunne ɗaya a kowane kunne, ba ado mai ɗaukar ido. Ba tufafi kaɗai dokar ta kama ba. Ba mai rabuwa da abokin tafiyarsa, shi ya sa ɗalibina yake ganin su bibbiyu. Tashi ƙarfe shida da rabi na safe, kwanciya goma da rabi na dare. Namiji shekara biyu yake yi, mace shekara ɗaya da rabi, kuma yawanci shi da iyayensa ke tara kuɗin. Kafin 2019, sau biyu kacal a shekara aka yarda ya kira gida ta waya, daga wannan shekara aka ce ya iya kira kowane mako.

Me ya sa aka tsananta haka? Ka tuna yara ne. A 2012 an rage shekarun fita zuwa 18 ga maza. Yaro mai shekara 18 da zai buga ƙofar dattijo ya ce ya zo da maganar Allah, in ba shigar manya ya yi ba, wa zai ba shi tabarma? Kayan kuma suna tsare shi kansa mai su. Wanda duk unguwa ta gane shi daga nesa ba ya iya ratsewa inda bai kamata ba a ɓoye. Ɗan attajiri da ɗan talaka kuma, in sun sa farar taguwa, ba ka rarrabe su. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Dogarin sarki da jar rigarsa, alhaji da haraminsa, ƴan agaji a filin idi, duk ka san aikinsu kafin su buɗe baki.

Sun makara zuwa ƙasashenmu, kuma da dalili. Fiye da shekara ɗari ɗariƙar ba ta ba baƙar fata limanci, sai a watan Yuni na 1978 shugabanta Spencer Kimball ya ɗage hanin. A Nuwamban wannan shekara wasu dattawa biyu da matansu suka iso Najeriya. Suka tarar da wani malamin makaranta a ƙasar Ibo, Anthony Obinna, wanda ya yi shekaru yana rubuta musu wasiƙa yana jira. A Gana gwamnatin Rawlings ta hana su aiki daga Yuni 1989 zuwa ƙarshen 1990. Duk da haka suka buɗe makarantar horar da masu wa'azi a Tema a 2002, da babban ɗakin ibada a Akara a 2004, da wani a Aba a 2005. Reshen Kwatano a 2011 aka kafa shi, aka ɗora masa kula da Benin da Togo a lokacin. Da yawa daga samarin da ke yawo da farar taguwa a Kwatano ƴan Afirka ne, daga Gana, da Najeriya, da Kwango, da Kwaddibuwa.

Abin da ya fara tanƙwara dokar kuwa, ba za ka yi zato ba. Sauro ne. A 2016 cututtukan da sauro ke kawowa, irin su Zika da dengi, suka yaɗu a ƙasashe masu zafi. Siket ba ya rufe ƙafa. Sai shugabanni suka yarda ƴan matan da ke waɗannan ƙasashe su sa dogon wando. A wannan shekara aka yarda da malfa da tabarau saboda rana. A Disamba 2018 aka ce mata a ko'ina suna iya sa wando wajen yawon wa'azi, amma ranar Lahadi a ɗakin ibada sai riga ko siket. Mu da ke kwana a bakin fadama mun san ƙarfin sauro, shi ne ya tura yawancin Turawan farko kabari a bakin Kwara. A watan Yuni na 2020 aka ƙara sassautawa. A wasu wurare, in shugabannin yankin sun yarda, saurayi na iya sa shuɗiyar taguwa, ko ya ajiye laktaye. Gemu dai ba a taɓa maganarsa ba.

Baƙin allon ƙirji ma yana nan. A kansa ake rubuta sunan cocin da sunan mai shi, da farin rubutu. Da na zo nan a bayanina, ɗalibin nan mai albasa ya ce ai tun da ya fara gane baƙaƙe ya taɓa tsayawa ya karanta na wani yaro a bakin kasuwar Dantokpa. Ya tashi ya rubuta mana a allo abin da ya gani a gaban sunan: E, L, D, E, R. Ya ce ya ɗauka sunan yaron ke nan, sai ya ga na abokinsa ma haka. Na ce masa laƙabi ne da ake ba kowane namiji a cikinsu, ma'anarsa da Turancin Ingila dattijo. Wani tsoho a bayan aji ya shafa farin gemunsa, ya ce, "Dattijo? Yaron da aka hana shi ko gashin baki?" Aji ya tuntsire da dariya, sai da na buga allo kafin muka koma kan lissafi.