Bakin Bargo: Inda Tarihin Masu Ɗinkin Amurka Ya Ɓuya

Akwai wani irin bargo da matan Amurka da na Ingila suka shahara da ɗinkawa, wanda su ke kira kwilt. Hawa uku ne: fuska ta sama wadda galibi ƙyallaye ne aka harhaɗa, sai auduga ko ulu a tsakiya, sai shafi a ƙasa, a bi duka da allura a haɗe su. Duk wanda aka shimfiɗa wa shi, zanen tsakiya yake fara kallo. To amma fa masu binciken tarihin waɗannan barguna, da an miƙa musu ɗaya, baki suke fara laluba, domin kuwa a nan ne mai ɗinki take barin shaidar zamaninta ba tare da ta sani ba.

Dalilin ɗinke bakin a fili yake, mai karatu. Idan an gama haɗa hawa ukun nan, gefen yana nan a buɗe, auduga na leƙowa, kuma wanki biyu ya isa ya warware aikin wata shida. A Wales da yankin Durham na arewacin Ingila, abin da aka saba shi ne a kalmashe fuska da shafi duka zuwa ciki, su haɗa baki, a bi su da layin ɗinki ɗaya ko biyu. Ba a ƙara ko tsinken ƙyalle. A Amurka ma an yi hakan, an kuma yi wata dabarar ta masu tattali, wato a bar shafi ya ɗan fi fuska faɗi, a naɗo shi sama a danne.

Masu hali kuwa a farkon ƙarni na 19 sukan sayi siririn tef saƙaƙƙe su lulluɓe bakin da shi, wasu su sa geza. Akwai wani tef da ya yi yayi a New Jersey da kewayenta wajajen 1840, har yau masu tara tsofaffin barguna suna kiransa tef ɗin Trenton, kuma ganinsa kaɗai kan sa a yi hasashen inda bargo ya fito. Amma abin da ya fi yawa a wannan ƙarni shi ne siririn ƙyalle hawa ɗaya, wanda aka yanka a miƙe bisa zaren yadin. Yankan miƙe ba ya ɓarnar yadi, yadi kuwa a lokacin ba abin wasa ba ne.

Da keken ɗinki ya shigo, bayan Elias Howe ya yi rajistar nasa a 1846 da Isaac Singer a 1851, sai ga wani abin ban sha'awa. Za ka ga bargo an yi masa ɗinkin hannu tun daga farko har ƙarshe, amma bakin da keke aka bi shi. Ni dai ban ga laifinsu ba, domin ɗinkin baki dogo ne, a miƙe, ga gajiyarwa. Ga mai bincike kuma wannan hujja ce babba: indai bakin na asali ne kuma ɗinkin keke ne, to ba a gama bargon kafin keke ya shiga gidaje ba, ko da jikokin mai shi sun rantse cewa ya girmi haka.

Lokacin yaƙin basasar Amurka, 1861 zuwa 1865, mata a jihohin arewa maso gabas irin su Maine sun yi amfani da wata hanya ta daban wajen ɗinka wa sojoji. Kowace mace za ta ɗinka ɗan murabba'inta a gida, ta sa masa auduga, ta ɗinke bakinsa tsaf kamar shi kaɗai ne bargon, sannan a taru a haɗa su gefe da gefe. Aiki ya yi sauri, ba a kuma buƙatar babban katakon shimfiɗa. A cikin wannan yaƙin ne Jane Stickle ta jihar Vermont ta gama nata a 1863, mai murabba'i 169, ta kuma rubuta a kusurwa cewa ƙyallaye 5,602 ne a ciki. Bakinsa a lanƙwashe yake kamar jerin ƙwarya a kife, abin da ba a cika gani ba a zamanin. Yana gidan tarihi na Bennington, makonni kaɗan ake fito da shi a shekara saboda gudun haske.

Lanƙwasar nan ita ce ta kawo mu ga bayas, wanda telolinmu ma suka sani a wuyan riga. Idan aka yanka yadi a karkace, ana ratsa zaren tsaye da na kwance, ƙyallen yakan miƙe ya bi lanƙwasa ba tare da ya tattare ba. Yana kuma daɗewa, saboda a yankan miƙe zare ɗaya ne ke kwance a kan kaifin bakin, da ya tsinke shi ke nan, a yankan karkace kuwa zaruruwa da yawa ne ke raba gogayyar. Kamfanin William E. Wright, wanda aka kafa a New York a 1897, ya riƙa sayar da shi a naɗe, kuma a shekarun 1920 da 1930, da barguna masu zagayayyen baki suka yi yayi, bayas ya zama ruwan dare. 'Yan ɗariƙar Amish na Lancaster a Pennsylvania su kam ba su bi yayi ba. Nasu bakin mai faɗi ne, yakan wuce inci ɗaya, yankan miƙe, launinsa daban da na jikin bargon, kusurwar kuma a ɗora wannan kan wancan kawai.

Bayan nunin da gidan tarihi na Whitney ya yi a New York a 1971, inda aka rataye barguna a bango kamar zanen fenti, tsofaffin barguna suka yi kuɗi, sai matsala ta taso. Baki shi ne ke fara mutuwa, shi hannu ke ja, shi ke gogar haɓa, har wasu matan kan ɗinka wani ƙyalle na musamman a gefen sama don kare shi daga maiƙon gemun maigida. Saboda haka barguna da yawa an sake musu baki, wasu tun zamanin kakanni don a ci gaba da rufa, wasu kuma don su yi kyau a idon mai saye. Barbara Brackman, a littafinta Clues in the Calico na 1989, ta sa baki cikin alamomin da ake gane shekarun bargo da su. Idan ka ga bargon da aka ce na 1850 ne da bayas mai ninki biyu, irin wanda ya yaɗu bayan shekarun 1970, ka san wani hannun ya taɓa shi. Wanda ya yanke tsohon bakin ya zubar, ya zubar da shaidar. Shi ya sa masu adana kayan tarihi a yau suka fi son a bar yagaggen bakin yadda yake, a lulluɓe shi da sabo ko da wani shara-sharan ƙyalle, a ɗinka da hannu ta yadda na gaba zai iya warwarewa ya duba.