Daga Kaset Zuwa Fulogin: Asalin Ciwon Kan Sabunta Manhaja

Makaɗin kalangu a Tasawa bai taɓa kwana yana lissafin ko lokaci ya yi da zai sabunta kayan aikinsa ba. In fata ta fashe a sake ta, in tsarkiya ta tsinke a ɗaura wata. Wanda ke son a ɗauki muryarsa kuwa, gidan rediyo ne hanyarsa, wato Rediyon Nijar da aka buɗe a 1958, wanda ya koma Muryar Sahel a 1974. Daga baya kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya cika kasuwanni, mai rikoda ya zama shi ne mai ɗauka, shi ne mai kwafa.

Daga Kano iska ta juya. Bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990, fiyanon Yamaha ya shiga situdiyo a ƙarshen shekarun 1990, ya haɗiye aikin makaɗa biyar. Kiɗan fim ɗin Sangaya ya bi hanyar Katsina zuwa Maraɗi, ya watsu har Mayahi da Tasawa, matasa suka gane cewa mutum ɗaya a ɗaki ɗaya ya isa ya haɗa waƙa.

A daidai lokacin, a 1996, kamfanin Steinberg na Hamburg ya fito da tsarin VST, wanda ya ba da damar cusa ƙananan manhajoji cikin babbar manhajar haɗa kiɗa. Su ne 'yan situdiyo ke kira fulogin: wannan ya tace murya, wancan ya ƙara amo, wani ya danne sautin da ya yi tsalle. A 1997 Auto-Tune ya fito daga hannun Andy Hildebrand, mutumin da a da aikinsa nazarin sautin ƙarƙashin ƙasa ne don neman man fetur. Wannan karkarwar murya da ta zama tambarin waƙoƙin nanaye daga can ta samo asali. Sai Ozone a 2001, na gogewar ƙarshe da ake kira mastarin, sai FruityLoops na Beljiyam da ya koma FL Studio a 2003.

Nan fa matsalar ta kunno kai, domin fiyano naka ne tunda ka biya, amma manhaja lasisi kawai aka sayar maka. Masu FL Studio suna ba da sabuntawa kyauta har abada ga wanda ya saya. Kamfanin Waves kuwa sai ka biya kuɗin shekara kafin ka samu sabon zubi, har a watan Maris na 2023 ya sanar da cewa ya daina sayarwa sai dai haya. Masu amfani suka yi ca, bai cika mako guda ba ya janye. Cubase 9 na 2016 ya daina karɓar tsofaffin fulogin masu bit 32 gaba ɗaya, Microsoft kuma ya daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020.

Yanzu ka ɗauki saurayi mai ƙaramin situdiyo a Mayahi, da kwamfutarsa 'yar gwanjo. Sabon fulogin yana son sabon Windows, sabon Windows yana son sabuwar kwamfuta, biyan kuɗin yana son katin banki da intanet mai ƙarfi. In ya yi garajen sabuntawa, waƙar da amarya ta biya wa kuɗi bara, ta dawo a canza mata suna ɗaya, sai ta ƙi buɗewa. Ga wuta: layin da ke ciyar da yankin daga Katsina yake zuwa ta Gazawa, an kuma ga abin da ya faru da Najeriya ta yanke shi a Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, sai a Maris na 2024 ya dawo.

A ganina, in jaka ɗari ta shigo hannunsa, makirufo mai kyau da soson rufe bango sun fi cancanta da ita. Sabon Ozone ba zai cire kukan janareta da ya riga ya shiga murya ba. Kamfanoni suna tallar yadda za a daidaita ƙarar waƙa da ma'aunin Spotify, alhali waƙarsa a memori za a tura ta, a saurare ta a salula, ko a lasifikar mai shayi da ke bakin tasha.