Hoton ƙwaƙwalwa: abin da jini da sukari suke nunawa a kan cutar mantuwa

Cutar mantuwa, wadda a gida ake ce wa gigin tsufa, ba tsufa ba ne kawai. Ciwo ne da yake kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, har mutum ya kasa gane hanyar gidansa ko sunan jikansa. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce sama da mutum miliyan 55 ne suke fama da ita, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari cutar Alzheimer ce, wadda likitan Jamus Alois Alzheimer ya fara bayyanawa a 1906.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki yake kashewa. Abincinta sukari ne, kimanin giram 120 a rana, kuma ba ta da rumbun ajiya: jini ne yake kawo mata shi kowane lokaci. Saboda haka, in an auna jinin da ke shiga wani sashe da sukarin da yake ci, an san yawan aikin da yake yi.

A shekarun 1940 ne Seymour Kety da Carl Schmidt suka fara auna gudun jini a ƙwaƙwalwar mutum mai rai, a birnin Filadelfiya na Amurka. A 1976 kuma, a wannan birni, aka fara yi wa ɗan Adam allurar wani sukari na musamman mai suna FDG. An liƙa masa wani sinadari mai fitar da haske marar ganuwa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna ɗaukarsa kamar sukari na gaske, amma ba sa iya ƙone shi, sai ya taru a cikinsu. Na'urar PET, wadda a faransanci ake kira TEP, ita ke kama hasken ta zana taswira: inda ake aiki ya yi haske, inda aiki ya ragu ya dushe.

Amfanin taswirar shi ne kowane irin ciwon mantuwa yana da tambarinsa. A cutar Alzheimer, gefen kai da sama ta baya ne suke dushewa. In gaban ƙwaƙwalwa ne, to irin ciwon ne da yake fara sauya hali da magana kafin mantuwa. Wanda toshewar jijiyoyin jini ta kawo kuwa yakan fito dabbare-dabbare. Wannan dushewa takan bayyana kafin ƙwaƙwalwa ta motse yadda sikana za ta gani. A 1996, Eric Reiman da abokan aikinsa a Arizona sun same ta a wurin masu matsakaicin shekaru da suka gaji haɗarin cutar, alhali tunaninsu lafiya lau.

Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce: ƙarancin jini ne yake sa ƙwaƙwalwa yunwa, ko ita ce ta daina ci jini ya ragu? Binciken Richard Frackowiak a asibitin Hammersmith na Landan a 1981 ya nuna jini da amfani da iskar shaƙa suna raguwa tare, wato buƙata ce ta faɗi. Amma bincike na baya-baya ya nuna lalacewar ƙananan jijiyoyi ma tana da hannu, kuma tsofaffi da yawa suna da matsalolin biyu a haɗe.

Wannan hoto yana da tsada. Ƙarfin sinadarin yana raguwa da rabi duk minti 110, dole a haɗa shi kusa da asibiti, shi ya sa na'urar ta yi ƙaranci a Afirka ta Yamma. Kuma hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci sai likita ya binciki maras lafiya.

Abin da ke hannun kowa shi ne kula da jijiyoyin: hawan jini, ciwon sukari da shan taba duk suna ƙara haɗarin mantuwa. Awon jini da na sukari kuwa ana yin su a likitar unguwa. Tsohon da ya fara ruɗewa a kai shi can, domin wasu dalilan, kamar ƙarancin bitamin B12 ko matsalar maƙoƙo, suna da magani.