Raɗar sama da ihun ƙasa

A watan Maris na 2003, ana tsakiyar yaƙin Iraƙi, Amurka ta yi ƙorafin cewa wani kamfanin Rasha ya sayar wa Bagadaza na'urorin toshe siginar GPS, har Shugaba Bush ya kira Putin a waya kan batun. Abin da ya ba wannan 'yar na'ura kwarjini shi ne raunin siginar kanta. Taurarin GPS suna shawagi ne a nisan kilomita kusan 20,200, saƙonsu kuwa yakan iso ƙasa tamkar raɗa, duk wanda ya yi ihu a kusa sai ya danne shi.

Sai dai mai ihu shi ke tona maɓoyarsa. Janar Victor Renuart ya shaida wa 'yan jarida cewa an ragargaza na'urori shida, ɗaya ma da bam mai bin GPS ɗin. Shi kuwa bam ɗin JDAM, wanda aka fara jefawa a yaƙin Kosovo a 1999, yana da na'urar da ke lissafa tafiyarsa da kanta. Ko sigina ta yanke ba ya makancewa, kuskurensa ne ke faɗaɗa zuwa kusan mita 30.

A ganina, wannan nasara mai sauƙi ce ta haifi sakaci. Bayan shekara ashirin, a Yukiren, Rasha ba shida ta kafa ba, jera su ta yi a faɗin fagen daga. Harsashin igwa na Excalibur ya riƙa kauce wa inda aka auna, har rahotannin 2024 suka ce Amurka ta daina aika shi.