Musulunci Bayan Gushewar Baƙon Mulki: Gwandu da Asiya ta Tsakiya

A shekarar 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, a cikinta ne Tarayyar Sobiyat ta wargaje. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa baƙon mulki yakan gushe, amma dabarar da ya ƙago ta riƙe akalar addini takan wanzu.

Tun 1943 'yan gurguzu suka kafa hukumar malamai a Tashkent, domin wa'azi da limanci su zauna ƙarƙashin idon gwamnati. Bayan 'yanci masallatai sun yawaita, amma sababbin shugabanni ba su saki akalar ba. Hasali ma Tajikistan ta haramta jam'iyyarta ta Musulunci a 2015.

Haka abin ya kasance a Gwandu, cibiyar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mawallafin Liya'ul Hukkami. Bayan 1903 Turawa sun bar alƙalai da kotunansu, suka soke haddin yanke hannu, suka mai da naɗin sarki hannun Gwamna. Bayan tawayen Satiru na 1906 suka tuɓe Sarkin Gwandu, hedkwata ta koma Birnin Kebbi. Daga Kalgo kuma aka ɗauko Sarkin Gobir Yahaya, aka naɗa shi a 1938.

An maido da Shari'a a Kebbi a 2000, amma majalisar jiha ce ta zartar da ita, kuma gwamnati ce ta tuɓe Sarki Jokolo a 2005. Ikon da Turawa suka karɓe bai koma hannun malamai ba.