Ma'abota Suffa: Yadda Madina Ta Yi Da Marasa Makwanci

 

Na lura idan aka ambaci Ahlus Suffa a wa'azi, abin da aka fi kawowa shi ne haƙurinsu da yunwa. Wannan gaskiya ne. Amma ni abin da ya fi jan hankalina shi ne tsarin da jama'ar Madina suka bi domin kada wani ya kwana a titi.

Da Muhajirai suka iso a shekarar 622 Miladiyya, sun bar gidajensu da dukiyarsu a Makka. Matakin farko da Manzon Allah (SAW) ya ɗauka shi ne ƙulla 'yan uwantaka tsakaninsu da Ansar, baƙo ya shiga gida, ya ci daga tukunyar masu gida. Sa'ad bin Rabi'i ya yi wa Abdurrahman bin Auf tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'a, ya roƙi a nuna masa hanyar kasuwa.

To amma baƙi ba su daina zuwa ba, gidaje kuma suka cika. Bayan an juyar da alƙibla zuwa Ka'aba a shekara ta 2 bayan Hijira, sai rumfar da ke ƙarshen masallaci ta zama masaukin wanda ba shi da gida ko dangi a garin. Ita ce Suffa. Abu Huraira (RA), wanda ya iso a shekara ta 7, ya ba da labari cikin Sahihul Bukhari cewa ya ga mutum 70 daga cikinsu, babu mai mayafi, kowa da ƙyalle guda da yake riƙewa da hannu don kada tsiraicinsa ya bayyana.

Ciyar da su kuwa ba a bar wa mutum ɗaya ba. Annabi (SAW) ya umarci mai abincin mutum biyu ya tafi da na uku. Wata rana Abubakar ya tafi da uku, shi kuma da goma. Ansar sukan rataye zangarniyar dabino a masallaci, mai jin yunwa ya kaɗo ya ci. Da wasu suka riƙa kawo maras kyau, aya ta 267 ta Suratul Baƙara ta sauka tana hana zaɓar mummuna don sadaka. (Mu tuna da wannan idan za mu juye wa almajiri tuwon da ya yi tsami.) Hatta Nana Faɗima da ta nemi mai hidima, Imamu Ahmad ya ruwaito cewa mahaifinta ya fifita cikin 'yan Suffa a kan buƙatarta. Mata ma ba a manta da su ba: Nana A'isha ta ba da labarin wata 'yantacciyar baiwa da ke da 'yar bukkarta a cikin masallaci.

Sannan ga ilimi. Ubada bin Samit ya koyar da wasunsu Alƙur'ani da rubutu. Adadinsu kuma yana hawa yana sauka, domin wanda ya yi aure ko ya sami sana'a sai ya tashi, wani ya maye gurbinsa. Abu Huraira kansa daga baya Sayyidina Umar ya naɗa shi gwamnan Bahrain. A fahimtata, Suffa zango ce, kuma wanda ya mayar da ita hujjar barin yara su dawwama cikin bara bai yi wa tarihi adalci ba.

Kakanninmu sun riƙe wani abu makamancin wannan, wato zaure, inda matafiyi da ɗalibi ke kwana, a fito musu da abinci daga cikin gida. Yau gidajen zamani katanga ce da ƙofar ƙarfe, masallatai da yawa kuma ana kulle su bayan Isha'i saboda tsoron ɓarayi. Tsoron yana da dalili. Sai dai kafin kwamitin masallacin unguwarku ya sake tara kuɗin tayil ko sabuwar lasifika, ina roƙon ɗayanku ya miƙe ya tambaya: mutum nawa ne ke kwana a bakin shaguna da tashar mota kusa da mu, kuma wa ya san sunayensu?