Yadda Aka Shawo Kan Matsalar Mai a Injinan Ƙananan Jiragen Sama

Yau za mu leƙa wani tarihi da ba kasafai ake ba da shi ba, wato na ƙananan jiragen sama da mutane ke ƙerawa da hannu su tayar don sha'awa, masu injin da bai fi dunƙulen hannu ba. Duk wanda janareto ya taɓa mutu masa alhali tanki cike yake, ya san ciwon da za mu yi magana a kai: mai yana nan, amma ba ya isa inji yadda ya kamata. Sai dai janareto in ya mutu a ƙasa yake zaune. Jirgi kuwa in ya mutu a sama, aikin wata da watanni ne zai rikito ya tarwatse.

Mu fara da tushen matsalar. Yawancin waɗannan injina ba su da famfon mai. Iskar da ke shiga ta ƙuntataccen maƙogwaron kafireta ita ke zuƙo mai daga tanki, ya bi ta gefen wata allura da ake murɗawa don ƙarawa ko ragewa. Zuƙar ba ta da ƙarfi. In jirgi ya ɗaga hanci, tankin da ke bayan inji ya koma ƙasa, mai ya yi ƙaranci. In ya sunkuyo, mai ya kwararo ya shaƙe inji. Ƙarancin ya fi haɗari, domin man da ke sa ƙarfe santsi a gauraye yake cikin man ƙonawa. Inji ya rasa ɗaya, ya rasa duka biyun, sai ya yi zafi ya ci kansa.

A farkon shekarun 1930, wani matashi mai suna Bill Brown a Filadelfiya ta Amurka ya ƙera ɗan injin fetur da aka sani da Brown Junior. Abokinsa Maxwell Bassett ya ɗora shi a jirgi ya riƙa kayar da masu jiragen da robar murɗawa ke juya wa farfela. A lokacin matsalar mai ba ta yi tsanani ba. Tankin ɗan ƙarami ne, manne da inji, jirgin kuma hawa kawai yake yi ya sauko a hankali.

Abubuwa biyu ne suka sauya lamarin. Na farko, wajen 1940 Jim Walker ya yaɗa jirgin da ake riƙewa da wayoyi biyu, mai shi yana tsaye a tsakiya, jirgin yana kewaya shi. Nan da nan mutane suka koyi sa shi ya yi alkafura, ya tashi a kife. Na biyu, wajen 1947 Ray Arden ya fito da fulogi mai ɗan zaren ƙarfe da ke zama jawur muddin inji yana aiki da metanol. Aka huta da ɗaukar batir da kwayil a cikin jirgi. Amma kowane allazi da nasa amanu: inji yana shan metanol fiye da ninki biyu na fetur. Tanki ya ƙara girma, ya ƙara nisa da kafireta, bambancin cikakken tanki da wanda ya kusa ƙarewa ya fito fili. Mutum zai daidaita allura a ƙasa inji yana kuka lafiya, bayan minti kaɗan a sama ya fara tari.

Masu jirgin waya su suka fara samo dabara. Sun lura juyin da jirgi ke yi yana wurga mai zuwa bangon tanki na waje, sai suka yi tanki mai tsini a wannan gefen, suka kai bakin bututu can kusurwar baya inda mai ke taruwa. Wasu suka nutsar da bakin bututun shigar iska cikin mai, kusa da inda ake zuƙa, don ƙarfin gudun man ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe. Wasu suka kwaikwayi mazubin ruwan kaji: babban tanki yana ɗura wa ƙarami kaɗan-kaɗan, ƙaramin ba ya cika ba ya raguwa. Masu tsere kuwa suka ɗauki 'yar jakar roba ta cikin alƙalamin tawada, ko robar da jariri ke tsotsa, su ɗura mata mai ta kumbura kamar balan-balan, ita da kanta ta riƙa matso shi.

Da jiragen rimot suka fara juyi ta kowace fuska, sai aka buƙaci wata hikimar. Aka sa tiyo mai laushi cikin tankin roba, aka maƙala masa ɗan ƙarfe mai nauyi a baki. Duk inda mai ya gangara, ƙarfen ya bi shi. Turawa ma daga ƙarar da yake yi in ya bugi tanki suka raɗa masa suna. Daga baya, da ƙorafin maƙwabta kan ƙara ya sa aka fara sa wa injinan salansa, sai aka ja siririn tiyo daga salansar zuwa tanki, hayaƙi ya riƙa turo mai daga baya. Aka kuma koyi naɗe tanki da soso don girgizar inji kada ta sa mai kumfa, da ajiye tsakiyar tanki daidai da tsayin allura. Kamfanin YS na Japan ya ƙara gaba, ya yi injin da ke hura tanki da iskar cikinsa, da wata 'yar na'ura mai auna abin da zai wuce.

Wanda ya kai wannan ilimi maƙura shi ne Maynard Hill, masanin ƙarafa daga jihar Maryland. Idonsa ya kusa tafiya gaba ɗaya, amma ya ƙudurta sai ƙaramin jirgi ya ƙetare tekun Atlantika. Ƙa'idar hukumar wasannin sama ta duniya a lokacin ita ce kada jirgi ya wuce kilo 5 har da mai, inji kuma kada ya wuce cc 10. Kusan rabin nauyin mai ne, bai ma kai lita huɗu ba. Metanol ba zai kai ko'ina ba, don haka Hill ya koma gidan jiya: fulogi mai tartsatsi da man fitila dangin fetur. Ya yi ta gwada injina awa da awanni har ya sa suna shan kimanin giram 60 a awa. A irin wannan siririn gudu, ɗan datti kamar ƙwayar ƙura ya isa ya toshe hanya.

Jirage huɗu suka salwanta. Na biyar, TAM 5, ya tashi daga Cape Spear a gabashin Kanada ranar 9 ga Agusta 2003. A hanya bayanan tauraron ɗan adam suka nuna gudun injin yana hawa yana sauka, hankalin kowa ya tashi. Amma bai mutu ba. Ranar 11 ga wata ya sauka kusa da Clifden a ƙasar Ayalan, bayan awa 38 da minti 52 da tafiyar fiye da kilomita 3,000. Da aka duba tanki, man da ya rage bai kai rabin kofin shayi ba.

Yau da yawa sun koma jirage masu batir, amma masu injin mai har yanzu da waɗannan dabaru suke aiki. Ƙa'idarsu kuma za ta amfani duk mai janareto ko babur a cikinmu: in inji ya fara tari, kada a yi gaggawar murɗa allura ko kwance kafireta. A fara duba ramin iskar tanki, a bi tiyo ko ya tsage, a tace mai. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.